Yadda Ake Koyar da Faransanci a Ajin Firamare, Ko da Babu Littafi

Idan hedimasta ya miƙo maka jadawali ka tarar da sunanka a gaban darasin Faransanci na aji 4, ko don ka karanta shi a kwalejin ilimi, ko don kawai an ji ka taɓa zama a Maraɗi, wannan bayani naka ne. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma Malama, har da ke.

Tun 1996, zamanin Janar Sani Abacha, aka ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta fitar ta sa a fara shi daga aji 4 na firamare. Dalilin a fili yake: Nijar, Chadi, Kamaru da Benin duk Faransa ce ta yi musu mulkin mallaka, ko aƙalla mafi yawan ƙasar a batun Kamaru, kuma ɗan Kaduna da zai je fatauci Kwatano ko Damagaram zai ci karo da harshen. Sai dai doka daban, aji daban. A makarantu da yawa abin da ake kira darasin Faransanci bai wuce a cika allo da kalmomi, a jera fassararsu da Turanci, yara su kwafe ba. A ƙarshen shekara littafi ya cika, baki babu komai. Hanyar da zan nuna maka tana kan ƙafa biyu: kunne da baki su riga biro, sannan in bayani ya zama dole, ka bi ta Hausa, domin a wurare da dama Hausa ta fi Turanci kusa da Faransanci.

Kayan aiki

Allo da alli, ko maka (alƙalamin rubutu mai kauri) in farin allo ne. Kwali mai kauri wanda za ka yanka girman tafin hannu biyu. Katan ɗin taliya ko bayan tsohuwar kalanda ya wadatar. Maka kala biyu, shuɗi da ja, kuma za ka ga amfanin kalar nan gaba. Almakashi, gam, da igiya da 'yan maƙalan shanya don rataye katuna. Tamola ko ƙwallon tsumma guda ɗaya. Marafen kwalbar lemo kamar ashirin don ƙirga. Jaka ko baho da za ka riƙa zuba ainihin kayan da za a koya: biro, cokali, kofi, hula, lemo. Waya da ƙaramar sifika mai caji. Sai littafinka na tsarin darasi, da kwafin manhaja.

In babu sifika, saka wayar cikin kwanon silba ko kofin roba babba, sautin zai ƙaru ya kai tsakiyar aji. In ba ka iya zane ba, yanko hotuna daga tsoffin jaridu da ledojin kaya, ko ka sa yaran aji 6 masu hannu su zana maka. Littafin karatu kuwa, in makaranta tana da guda ɗaya tak, ya isa: naka ne, ba na yara ba. A zangon farko ba sa bukatarsa.

1. Fara da gyara bakinka

Yaro ɗan shekara tara yana kwafe furucin malaminsa tsaf, da daidai da kuskure. Don haka duk kalmar da za ka koyar gobe, ka saurare ta yau daga bakin mai harshen. Gidan rediyon RFI yana da labarai cikin sassauƙan Faransanci da ake samu a intanet. Sauke su a waya lokacin da kake da data, ka riƙa maimaitawa a bayan mai karantawa. Ƙamus na waya mai furta kalma shi ma yana yi. A cikin garin Kaduna akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, a Zariya kuma akwai sashen Faransanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Ƙauyen Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991 ga wanda ya samu dama. In duk waɗannan sun yi maka nisa, nemi wani ɗan Nijar, Togo ko Benin a unguwarku ku riƙa hira. Amma ka bincika tukuna: ba duk ɗan Nijar ne ya yi boko ba, wani Hausarsa da Zabarmancinsa ne kawai, da 'yan kalmomin tasha.

2. Makon farko: gaisuwa kawai

Ka shiga aji, kada ka taɓa alli. Ɗaga hannu ka ce "Bonjour, les enfants". Za su yi shiru ko su fashe da dariya. Bar su su yi. Maimaita, ka kai hannu kunne alamar kana jiran amsa, ka ba su ita: "Bonjour, monsieur", ko "madame". Sau biyar, sau shida, da murya babba, da raɗa, layin dama, layin hagu, 'yan mata, maza. Daga nan ka dafa ƙirjinka ka ce "Je m'appelle", ka faɗi sunanka. Jefa wa yaro tamola ka tambaye shi "Comment tu t'appelles ?" Wanda ya cafe shi ke amsawa, ya jefa wa wani. Darasi na biyu ka ƙara "Ça va ?" da "Ça va bien, merci", sai "Au revoir". Iyakarta ke nan a makon farko, kuma ba kaɗan ba ce: yaron zai koma gida da abin da zai gwada a kan yayarsa.

Tun a nan ka raba musu "tu" da "vous". Malamin da ya bi ta Turanci yakan sha wahala a wannan gaɓa, domin can kalma ɗaya ce ga kowa. Kai kuwa tambaye su: in za ku gaida kakanku, "ka tashi lafiya" kuke cewa ko "kun tashi lafiya"? To "vous" shi ne wannan "ku" ɗin na girmamawa, kuma shi ne na jam'i. An gama.

3. Mayar da umarnin aji zuwa Faransanci

Zaɓi umarni shida da kake bayarwa kullum: "Levez-vous" (ku tashi), "Asseyez-vous" (ku zauna), "Écoutez" (ku saurara), "Répétez" (ku maimaita), "Regardez" (ku duba), "Silence". Faɗi kowanne kana aikata shi, su ma su aikata. Bayan zagaye uku ka daina motsi, ka bar murya kawai. Sannan ka rikita jerin, ka ce su zauna alhali suna zaune. Wanda ya miƙe ya fita daga wasan. Daga ranar, kada ka sake ba da waɗannan umarni da wani harshe. Su ma ka ba su nasu makamai guda biyu: "Je ne comprends pas" in ba su gane ba, da "S'il vous plaît" in suna roƙo.

4. Sautukan da ke kayar da ɗan Bahaushe

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Ware minti uku zuwa biyar a kowane darasi, sauti ɗaya a mako.

Na farko p da f. A bakinmu sauti ɗaya ne, da leɓe biyu muke yin sa. A Faransanci kuwa "pain" burodi ne, "faim" yunwa. Sa yara su fuskanci juna biyu-biyu suna kallon bakin juna: a p leɓuna suna haɗewa gam sannan su buɗe, a f haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska na fita ba yankewa. Wanda bai ga haƙoran abokinsa ba ya ɗaga hannu. Idan f ta zauna, v ta zo da sauƙi: haƙora a wuri ɗaya, amma su dafa maƙogwaro su ji yana rawa. Gwada su da "voir" (gani) da "boire" (sha).

Na biyu u. Yaro zai karanta "tu" kamar tu ɗin tuwo, wanda a Faransanci "tout" ne, wato duka. Ka ce su ja "iiii", kada su motsa harshe, sannan su turo leɓe gaba kamar masu hura wuta. Sautin da ya fito shi ne. Za a yi dariya sosai, kuma dariyar tana taimakawa.

Na uku wasulan hanci, na cikin "bon", "banc" da "bain". Kuskuren shi ne ƙarasa n ɗin a ƙarshe. Harshe ba ya taɓa dasashi; wasalin ne kawai ke bi ta hanci ya tsaya.

Na huɗu j, kamar a "je" da "bonjour". Ba j ɗin jaki ba ce yadda muke faɗinta a nan. Su yi "shhh" irin na hana surutu, sannan su kunna maƙogwaro. In akwai yaro a ajin da iyayensa suka fito daga yammacin ƙasar Hausa ta Nijar, ka saurari yadda yake cewa "jiya", mai yiwuwa ka samu mataimaki a kyauta. Sunan kamfanin motar da aka fara harhaɗawa a Kakuri da ke Kaduna a 1975, wanda kowa ke kira Pijo ko Fijo, yana da amfani a nan: rubuta Peugeot, ka faɗe shi yadda masu shi ke faɗi. Ga p, ga wannan j ɗin, ga t a ƙarshe da ba a furtawa.

Sai r. Yaran da ke zuwa Islamiyya ko makarantar allo suna da ita a aljihu ba su sani ba: tana kusa ƙwarai da harafin gaini na Larabci. Ka ce su karanta gaini da wasali, sannan su ce "rouge". Amma kada ka ɓata zango a kanta. Mutane da yawa a Afirka ta Yamma da bakin harshe suke kaɗa r ɗinsu, kuma ana fahimtarsu sarai. Wanda ya rikita p da f ya canza ma'ana. Wanda ya kaɗa r bai canza komai ba.

Na ƙarshe, cusa wasali tsakanin baƙaƙe: "trois" ya koma turuwa, "classe" ya koma kilas. Maganinsa tafi. Kowace gaɓa tafi ɗaya. "Trois" tafi ɗaya ne, wanda ya yi uku ya ji kansa.

5. Kada ka koyar da suna tsirara

Kowane suna ya zo da "le" ko "la" ɗinsa, ko "un" ko "une", tun ranar farko. Ba "table" ba, "la table". Ciro abu daga jaka, ɗaga shi, ka ce "C'est un stylo". Su maimaita. Sannan "Qu'est-ce que c'est ?" su amsa. Kalma biyar zuwa bakwai a darasi ɗaya, kada ka wuce. Katin namiji ka zagaye shi da shuɗi, na mace da ja, ka rataye su a igiya ɓangare biyu.

Yaronmu ba baƙo ba ne ga jinsin suna: ya san "rana ta faɗi", "wata ya fito". Wannan riba ce babba. Tarkon kuwa shi ne ya ɗauka jinsin ɗaya ne a harsunan biyu. Wani lokaci suna dacewa: littafi da "le livre", kujera da "la chaise", ƙofa da "la porte". Wani lokaci suna saɓawa: rana mace ce, "le soleil" namiji, wata namiji ne, "la lune" mace, haka gida da "la maison", tebur da "la table". Faɗa musu tun wuri cewa ba a cinta, haddacewa ake yi tare da kalmar.

6. Gina jimla a kan abin da suka riga suka sani

Da zarar sun tara suna kamar talatin, fara haɗawa. Ga wuraren da bayani na rabin minti da Hausa ya fi na rabin awa da Turanci.

Shekaru: muna cewa "ina da shekara goma", su ma "J'ai dix ans", da fi'ilin mallaka. Yaron da ya biyo ta Turanci shi ne ke cewa "je suis dix ans", wanda kuskure ne. Mallaka: "littafin Musa", abu a gaba mai shi a baya, "le livre de Musa". Korewa: muna kewaye magana da ba biyu, "ba Musa ba ne", su kuma da "ne" da "pas", "Ce n'est pas Musa". Nawa da tawa: muna cewa littafina amma kujerata, gwargwadon jinsin abin, su ma "mon livre" da "ma chaise". Siffa tana bin jinsi: fari da fara, "blanc" da "blanche", ƙarami da ƙarama, "petit" da "petite". Akwai shi ne "il y a", babu shi ne "il n'y a pas".

Kada ka zube musu waɗannan rana ɗaya, kuma kada ka ambaci sunayen nahawu. Kowanne ya fito ranar da ake bukatarsa, ka yi kwatancen, ka koma Faransanci nan take. Hausar gishiri ce a miyar, ba ita ce miyar ba.

Ajin Kaduna ba na Hausawa zalla ba ne. A Rigasa ko Tudun Wada kusan kowa zai bi ka. A Sabon Tasha ko Barnawa za ka tarar da Gbagyi, Bajju, Atyap, Yarbawa da Ibo, wasu Hausarsu ta wasa a layi ce kawai, kuma wasu makarantun kuɗi ba sa son a ji ta a aji. A irin wannan wuri ka rage bayani, ka ƙara nuni da hannu da kaya, in kuma ka kawo misalin Hausa ka tambayi sauran yadda ake faɗi a gidansu.

7. Yadda kowa zai yi magana a aji mai cunkoso

In yara sun kai sittin ko fiye, amsar taro tana ruɗi: goma na gaba ke ɗauke da ajin, na baya leɓe kawai suke motsawa. Bi wannan jeri a kowace sabuwar jimla: duk aji, rabin aji, layi ɗaya, benci ɗaya, sannan mutum ɗaya, kuma ka riƙa farawa daga baya. Bayan haka ka sa su biyu-biyu na minti biyu kana zagayawa. Ajin zai yi ƙara, don haka ka sanar da hedimasta da malamin ajin kusa tun kafin su leƙo. In ɗakin ya matse, ƙarƙashin bishiya ya fi.

Lambobi ka yi su da marafen lemo da tamola, daga 1 zuwa 10, sannan zuwa 20. A aji 4 kada ka haura 69, domin daga 70 lissafi ake yi: 70 sittin da goma ne, 80 ashirin huɗu, 90 ashirin huɗu da goma. Waƙa kuwa, ɗauki karin waƙar gaɗa ko ta tafa-tafa da suka sani, ka ɗora mata ranakun mako ko lambobi. Wasan da ya fi ci shi ne kasuwa: tebur ɗaya ya zama rumfa a Kasuwar Barci, da lemo, gyaɗa, burodi da kuɗin takarda da suka yanka. "C'est combien ?" "Cinquante nairas." "C'est cher !" Ciniki ba sai an koya musu ba.

In yaro ya yi kuskure, kada ka katse shi, kada ka bari a yi masa ihu, bulala kuma ba ta da wuri a nan ko kaɗan. Ka maimaita jimlar daidai kamar kana tabbatarwa, ka sa duk benci su faɗa. Wanda aka kunyata sau ɗaya a gaban aji yakan kulle bakinsa har ƙarshen zango.

8. Sai yanzu rubutu

Bayan mako huɗu zuwa shida, fara rubuta abin da bakinsu ya riga ya iya, ba sabon abu ba. Dalili: yaron da ya fara ganin "beaucoup" a allo zai karanta shi harafi-harafi, wanda ya riga ya saba faɗinsa mamaki kawai zai yi. Ba su makullan a hankali: "ou" shi ne u namu, "ch" shi ne sh, "oi" wa ne, "au" da "eau" o ne, h ba a furta ta, kuma baƙin ƙarshe sau da yawa shiru yake. Ja layi mai ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin harafin da ba a furtawa.

Kada ka rubuta furuci da rubutun Hausa a allo, irin su "bonjur" ko "marsi". Shi za su kwafe, shi za su kawo a jarrabawa. In kana bukatarsa, ya tsaya a littafinka. Alamomin saman wasali kuma ba ado ba ne; tuna musu da ƙugiyar da ta raba kafa da ƙafa, sannan ka nuna "ou" (ko) da "où" (ina).

9. Tsarin darasi da na shekara

A darasin minti 35: uku na gaisuwa da kwanan wata, biyar na bitar makon jiya da katuna, huɗu na sauti, takwas na sabon abu, goma na wasa ko hira biyu-biyu, biyar na kwafe layi uku. In lokaci ya ƙure, rubutun za ka yanke, ba bitar ba. Da darasi ɗaya ko biyu a mako mantuwa ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa yake da kyau ka roƙi malamin aji ya riƙa karɓar gaisuwar safe da Faransanci ko da ranar da ba ka nan.

Zangon farko: gaisuwa, suna, shekaru, lambobi, kayan aji, launuka. Na biyu: iyali, sassan jiki, ranaku da watanni. Na uku: abinci, kasuwa, yanayi. Daidaita wannan da manhajar da ke hannunka.

Littattafan da aka rubuta don yaran Turai sai ka tace su. Inda aka kawo ƙanƙara da yanayi huɗu, ka sa "l'harmattan" na hunturu, "la saison des pluies" ta damina, "la saison sèche" ta rani. Inda aka kawo giya da naman alade, ka sa "le riz", "le mil", "l'igname", "le lait". Tuwo kuma sunansa tuwo. Sunayen cikin hira su zama na ajin, Hauwa da Ladi, Musa da Bitrus. A darasin iyali ka lura: "oncle" ya haɗa kawu da baffa, "tante" ta haɗa gwaggo da inna, wa da ƙane kuma sai an ƙara "grand" ko "petit" a gaban "frère". Kada ka tilasta wa kowa zana uba ɗaya, uwa ɗaya, 'ya'ya biyu. Wani gidansu mata uku ne, wani maraya ne a hannun kakarsa. Ka ce kowa ya zana mutanen gidansu.

Ranar 20 ga Maris ce ranar masu magana da Faransanci ta duniya, kuma takan faɗo cikin zango na biyu. Nemi minti goma a taron safe, yara su yi wasan kasuwarsu a gaban makaranta. In an gayyato iyaye ya fi, musamman masu tsoron kada harshe na uku ko na huɗu ya rikita musu yaro.

10. Gwaji

Abin da aka koya da baki, da baki za a fara gwada shi. Ba sai ka ware rana ba: a kowane darasi kira yara biyar zuwa teburinka lokacin da saura ke kwafe rubutu, tambaya uku kowanne, suna, shekaru, da abu ɗaya daga jaka. Maki biyu in ya amsa daidai, ɗaya in an gane shi da gyara, sifili in ya yi shiru, kuma mai sifili ka sake kiransa bayan mako biyu. A jarrabawar takarda ka fi yawaita haɗa hoto da kalma, cike gurbi da "le" ko "la", da saurare: ka faɗi lamba su rubuta ta. Fassara zuwa Turanci gwajin Turanci ne, ka rage ta. Iyayen da ke son takardar shaida ta waje, akwai jarrabawar DELF Prim da aka tsara don yara 'yan firamare. Sai su tuntuɓi Alliance Française kan lokaci da kuɗin rajista.

Kafin hutun ƙarshen shekara, rubuta jerin kalmomi da jimlolin da ajin ya iya faɗa da gaske, ba waɗanda ke cikin manhaja ba, da sunayen yaran da p da f ko u ke ba wa wahala har yanzu. Haɗa da katunan a leda, ka miƙa wa wanda zai karɓe su a aji 5.